Juyi a Ƙafa 150: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Nima da Tsarin Sauka da Laima

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa haifaffen Nima ne a birnin Accra, yana da shekara 34 lokacin da abin ya fara, kuma sana'arsa shigo da tsofaffin motoci daga Amurka. Yakan je can sau biyu a shekara, ya sauka wurin wansa a unguwar Bronx ta New York, ya sayi motoci a wuraren gwanjo, ya sa a loda su a jirgin ruwa zuwa tashar Tema, sannan ya dawo gida ya jira isowarsu. Tsakanin saye da lodi akan sami makonni da babu wani aiki a gabansa, kuma a irin wannan rarar lokaci ne, a tsakiyar 2021, wani abokin cinikinsa ya kai shi filin da ake dirowa daga jirgin sama da laima. Ya fara da irin dirar da ake ɗaure baƙo a jikin malami, abin ya shiga ransa, ya yi rajistar koyo, kuma kafin sanyi ya rufe harkar a wannan shekara ya cika dira 25 ya karɓi lasisin farko, wanda ƙungiyar masu dira da laima ta Amurka, USPA, ke kira lasisin A.

Bayanan da ke tafe an tattara su ne daga littafin da yake rubuta kowace dira, da hotunan bidiyo da wasu suka ɗauka daga ƙasa, da hira da shi da kuma kawunsa. Ya amince a rubuta, bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa ko sunayen filayen. Nauyin jikinsa kilo 78 ne, wanda idan aka haɗa da kayan dira ya kai kusan laba 200. A Accra ba ya dira ko kaɗan, don haka duk shekara yakan yi wata shida zuwa bakwai bai taɓa igiyar laima ba.

2021: tsarin da aka koya masa

Laimar da ake wannan wasa da ita ta bambanta da mai zagaye da aka san sojoji da ita. Fiffike ce mai kusurwa huɗu wadda iska ke shiga ta bakinta na gaba ta cika ta, ƙirar da Domina Jalbert ya fito da ita a shekarun 1960. Tana da igiyoyin linzami biyu: a ja na hagu ta juya hagu, a ja na dama ta juya dama, a ja duka biyun ta rage gudu, wanda shi ne birkin da ake takawa daf da ƙasa. Irin wadda masu koyo ke amfani da ita tana tafiya gaba kusan mil 20 a awa, tana kuma yin ƙasa kusan ƙafa 1,000 a minti. Ba ta da inji, saboda haka wanda ya ɓata lissafin saukarsa ba shi da damar da matuƙin jirgi ke da ita ta fasawa ya sake zagayowa.

Tsarin sauka da aka koya masa yana da gaɓoɓi uku. Bayan laima ta buɗe, mai dira yakan tsaya a wurin jira, wato sararin da ke ɓangaren da iska ke fitowa. Idan agogon tsayi da ke hannunsa ya nuna ƙafa 1,000, sai ya shiga gaɓar farko, ya bi iska a gefen fili. A ƙafa 600 ya yi kwana zuwa hagu ya ratsa iska. A ƙafa 300 ya sake yin kwana zuwa hagu, ya miƙe sosai zuwa inda zai taka, ba tare da wani juyi ba sai ɗan gyara kaɗan. Duka wannan bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba, kuma gaɓar ƙarshe kusan daƙiƙa ashirin ce. Yawancin filaye kwanar hagu suke bi, wasu kuma ta dama saboda titin jirgi ko gine-gine, kuma kowane fili yakan sanar da alkiblar sauka tun kafin a hau jirgi, ko ya ce wanda ya fara sauka shi ya tsayar da alkibla ga na bayansa. Dalilin duk wannan shi ne jirgi ɗaya yakan zubo mutum goma sha biyar zuwa ashirin, dukansu suna neman fili ɗaya cikin mintuna kaɗan, babu fitilar hanya babu mai ba da hannu, kuma mai laima ba ya ganin abin da ke samansa ko bayansa sosai. Shi ya sa aka ba na ƙasa haƙƙin hanya, aka kuma ce idan biyu suka yi gaba da gaba kowa ya kauce dama.

An kuma koya masa jerin abubuwan da ake fifitawa wajen takawa. Na farko, laima ta kasance daidai a saman kai tana tafiya a miƙe. Na biyu, a sauka a sarari inda babu bishiya, wayar lantarki ko gini. Na uku, a ja birki aƙalla zuwa rabi, a kuma shirya faɗuwa irin ta mirginawa. Fuskantar iska abu ne da ake so domin tana rage gudu, amma tana bayan waɗannan duka. Ya ci jarrabawar da aka yi masa a kan wannan jeri. Sai dai a dirar koyo, rediyo ne a jikinsa, malami na ƙasa yana gaya masa inda zai juya, kuma kusan kowace sauka da ya yi a wannan shekara iska na buga masa fuska ya yi ta.

Yuni 2022: gaba da gaba a ƙafa 200

Ya koma a watan Mayu na 2022 bayan wata bakwai. Shawarar USPA ita ce mai lasisin A da ya wuce kwana 60 bai dira ba ya yi dirar tuni a gaban malami, kuma ya yi. A wannan tafiya ce ya sayi laimar kansa ta hannu, mai faɗin murabba'in ƙafa 190, bayan ya koya da mai 260 ya sauko zuwa 230 da 210. Da nauyinsa, kowane murabba'in ƙafa na sabuwar laimar yana ɗauke da laba ɗaya da ɗan ɗoriya, wanda ya ɗan haura abin da ake ba mai lasisin A shawara. Ƙaramar laima ta fi gudu, ta fi saurin amsa linzami, kuma ta fi cin tsayi idan aka juya ta.

A dira ta 41, an sanar kafin tashi cewa za a sauka ana fuskantar yamma. Lokacin da ya kai ƙafa 600, ya duba tutar iska, wato dogon yadin nan mai kama da hannun riga da ake kafawa a bakin fili, ya ga ta ɗan karkata ta koma nuna cewa iska na fitowa daga gabas. Iskar ba ta kai mil 5 a awa ba. Mutum huɗu sun riga sun sauka suna fuskantar yamma. Maimakon ya bi su, sai ya juya dama ya nufi gabas, kuma a kusan ƙafa 200 ya sami kansa fuska da fuska da wata mata mai ɗaruruwan dira wadda ke kan gaɓarta ta ƙarshe. Ita ce ta ja birki rabi ta kauce dama a hankali. Bidiyon ya nuna gefen laimarsa ya wuce gefen tata da tazarar da ba ta fi faɗin laima ɗaya ba. Dukansu sun taka lafiya, kuma a littafinsa abin da ya rubuta a ranar shi ne cewa ya sauka a tsaye, iska a fuska.

Yuni zuwa Agusta 2022: matakai uku da aka gwada

Mataki na farko faɗa ne. Jami'in da ke kula da lafiyar dira a filin ya kira shi gefe, ya hana shi hawa jirgi sauran yinin, ya kuma ba shi labarin Roger Nelson, wanda ya kafa filin Skydive Chicago kuma yake da dubban dira, amma ya rasu a 2003 bayan laimarsa ta yi karo da ta wani a lokacin sauka. Ya tuna masa da karon da ya kashe ƙwararru biyu a garin Dublin na jihar Georgia a 2007, wanda yana cikin abubuwan da suka sa aka matsa wa filaye su raba masu saukar gudu da masu bin tsarin kowa da kowa. Mutumin ya ba da haƙuri, ya je ya nemi gafarar matar, kuma har zuciyarsa ya ji kunya. Amma ya faɗa daga baya cewa a ransa yana ganin laifinsa rashin dubawa ne kawai, alkiblar da ya zaɓa kuwa daidai ce tunda ita ce ta fuskanci iska. Babu wanda ya tambaye shi wannan a ranar.

Mataki na biyu na'ura ce. Ya sayi ƙaramin agogon tsayi mai ƙara da ake sakawa cikin hular kwano, ya saita shi ya yi kuka a ƙafa 1,000 da 600 da 300. Na'urar ta yi aikinta, sai dai takan yi kuka ne a lokacin da shi yake wani wuri dabam da inda ya kamata. Littafinsa ya nuna cewa a yawancin dirar da suka biyo baya ya iso bakin fili ko da tsayi fiye da kima ko ƙasa da kima, domin yakan shagala da wasa da laima a sama bai tsaya a wurin jira ba. Idan ya yi sama da yawa sai ya riƙa karkaɗa laima hagu da dama a gaɓar ƙarshe don ya rage tsayi, abin da ke toshe wa na bayansa hanya.

Mataki na uku shi ne aka ce ya riƙa sauka a filin waje, wani fegi mai nisan tafiyar minti biyar daga rumfar naɗe laima, inda babu kowa. Daga dira ta 48 zuwa ta 57 bai sake kusantar kowa a sama ba, kuma filin ya ɗauka an magance matsalar. A wannan fegi kuwa babu wanda zai bi kuma babu mai kallonsa, don haka kowace sauka yakan duba tuta ya juya duk inda ta nuna, wani lokaci a ƙafa 250, wani lokaci ƙasa da haka, kuma duk sau goman ya taka a tsaye.

Satumba 2022: dira ta 58

A tafiyarsa ta biyu a shekarar ya bi abokai zuwa wani fili da bai taɓa zuwa ba, wanda ke bin kwanar dama. An nuna masa hoton filin daga sama na 'yan mintuna. Shi ne kusan na ƙarshe da ya fita daga jirgi, laimarsa ta buɗe a ƙafa 3,500 amma nesa da fili. Ƙa'ida ita ce a ƙafa 2,000 mai dira ya yanke shawara ko zai isa gida ko zai zaɓi wani sarari, kuma akwai gonaki biyu da aka girbe a ƙarƙashinsa. Ya wuce su, yana ganin zai isa. Ya iso bakin fili a ƙafa 400 da iska mai kusan mil 8 a bayansa, babu sauran tsayin yin gaɓoɓi uku. A gabansa akwai ciyawa shimfiɗe fiye da tsawon filin ƙwallo biyu, babu kowa a kai.

Bidiyon ya nuna ya yi jim na 'yan daƙiƙu, hannuwansa a sama. A kusan ƙafa 150 ya ja linzamin hagu har ƙugu don ya juyo ya fuskanci iska. Idan aka ja linzami ɗaya haka, laima takan kifa hancinta ƙasa, jikin mutum ya yi lilo ya fita gefe, gudun faɗuwa ya ninka, kuma sai juyin ya ƙare laima ta dawo saman kai kafin birki ya yi tasiri. Bai sami wannan lokaci ba. Ya saki linzamin ya ja birki biyu a makare, ƙafarsa ta hagu ta fara bugun ƙasa yana karkace, ya yi tsalle ya sake faɗuwa a kan ƙugu. Ƙasusuwan idon sawunsa biyu sun karye, ƙugu ya ƙuje, kai da baya ba su taɓu ba. Waɗanda suka gani sun ce da ya fara juyin ƙasa da haka da ƙafa talatin, da gwiwa ko ƙirji ne za su fara isa ƙasa.

Oktoba 2022 zuwa Afrilu 2023: jinya a Accra

An ɗaure ƙafar a can, kuma a nan ne ya gane cewa inshorar tafiyarsa ba ta ɗauki raunin dirar laima ba, ita kuma ta ƙungiya tana biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani ne, ba ta biyan magani. Da likita ya yarda, ya hau jirgi ya dawo gida, aka yi masa aiki a wani asibiti a Accra aka sa ƙarfe da kusoshi. Wasu cikin dangi sun so a kai shi wurin maɗori, mahaifiyarsa kuwa abin da ta nema shi ne ya rantse ba zai sake hawa jirgin nan ba. Ya yi mako shida bai taka ƙafar ba, ya yi wata uku yana sallah a kan kujera, kuma ko bayan ya koma sahu zaman tahiya ya daɗe yana ba shi wahala.

Cikin masu zuwa dubiya akwai ƙanen mahaifiyarsa, tsohon soja da ya yi horon laima a Tamale, inda rundunar laima ta sojan Ghana take. Shi laima mai zagaye ya sani, wadda igiyar da aka maƙala a jirgi ke buɗewa, bai taɓa tuƙa fiffike ba. Ya karɓi wayar ya kalli bidiyon sau da yawa, yana tsayar da shi a daidai inda hannuwan suka yi jim. Sai ya ce, "Ɗana, a nan wurin me kake gudu? Ga fili a gabanka." Ya amsa, "Kawu, iska ce a bayana. Ba a sauka da iska a baya." Tsohon ya ce, "Wa ya ce? Buɗe littafin naku ka nuna mini." Suka buɗe littafin ƙa'idojin a waya, suka karanta jerin abubuwan fifiko, suka tarar fuskantar iska ba ta cikin na gaba, kuma an rubuta ƙarara cewa kada a yi juyi kusa da ƙasa don nemanta. Mutumin ya ce ya san jimlar, har ya amsa ta a jarrabawa, amma a ransa sauka da iska a baya da mutuwa abu ɗaya ne, domin bai taɓa yi ba kuma bai taɓa tsayawa ya ga wani ya yi ba.

Game da dira ta 41 kuwa, kawun ya ce masa direban da ya shiga shataletale ta hannun da ba nasa ba don ya ga ya fi kusa bai da hujja ko da ya fita lafiya, domin sauran direbobi sun saki jiki ne da cewa kowa ta hanya ɗaya zai zo.

Daga watan Janairu, da ya fara tafiya ba sanda, suka riƙa zuwa filin ƙwallo na Kawukudi bayan sallar asuba, kafin yara su cika shi. Ya buga hotunan filayen biyu daga tauraron ɗan'adam a takarda. Kawun yakan ɗaura ƙyalle a sanda, ya ajiye duwatsu uku a matsayin wuraren kwana, mutumin ya taka gaɓoɓin da ƙafa, hannuwansa a sama kamar yana riƙe da linzami, yana faɗin tsayin da baki yana kuma juya kai ya duba kafin kowace kwana. A tsakiyar tafiya sai kawun ya juya ƙyallen ya ce iska ta canza, ko ya ce ga wani a ƙasa da kai, ko ya ce kana ƙafa 2,000 ba za ka isa ba. A makonnin farko, duk lokacin da aka juya ƙyallen sai ƙafarsa ta karkata ta bi shi kafin ya ankara, har a kan ƙasa inda babu abin tsoro. Sai wajen ƙarshen Fabrairu wannan ya daina faruwa. Da likita ya ba da izini a watan Maris, kawun ya koya masa abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato faɗuwar mirginawa: ƙafafu da gwiwoyi a haɗe, a taɓa ƙasa da tafin gaba, sai gefen sha-raba, gefen cinya, ƙugu, sannan gefen baya. Sun fara daga tsaye a kan rairayi, suka koma dirowa daga kan benci.

A bikin Ista na watan Afrilu, da azumi a bakinsa, ya je Nkawkaw lokacin bikin tashi da laima na Kwahu, wanda aka fara a 2005, inda matuƙa ke tashi daga dutsen Odweanoma a Atibie su sauko gari. Bai hau ba. Ya tsaya a gefen wurin sauka yana lura da yadda, tun matuƙi yana can sama, na ƙasa ke iya faɗin ta inda zai shigo.

Mayu zuwa Yuli 2023: komawa

Ya ajiye laimarsa ta 190 ya yi hayar mai 230, wadda ta sauke nauyin zuwa ƙasa da laba 0.9 a kowane murabba'in ƙafa. Bayan dirar tuni, ya shiga kwas na tuƙa laima, irin wanda ake buƙata kafin lasisin B. A wannan kwas ana fita daga jirgi ne a kusan ƙafa 5,000 a buɗe laima nan take, sama babu cunkoso, koci yana ƙasa yana ɗaukar kowace sauka a bidiyo. Kafin kowace dira sai ya zana wurin jira da wuraren kwana uku a kan hoton fili gwargwadon iskar ranar, ya nuna wa koci, ya kuma nuna sarari biyu da zai nufa idan bai isa ba.

A sama, inda akwai tsayi, an sa ya auna laimarsa da kansa. Ya duba agogo, ya ja linzami ɗaya kamar yadda ya ja a ranar haɗarin har ya juya baya, ya jira laima ta daidaita, ya sake dubawa: ƙafa 170 zuwa 190 suka tafi, a kan laimar da ta fi tasa girma. Ya sake yin juyin amma da birki rabi a hannu biyu, yana ɗan sassauta ɗaya, sai ya ga bai kai rabin wancan ba. An kuma koya masa yadda ake gane inda za a taka, wato wurin da ba ya hawa ba ya sauka a idon mai kallo yayin da laima ke tafiya a miƙe, da yadda iska ke rikicewa a bayan bishiyoyi da gine-gine har nisan ninki goma zuwa ashirin na tsawonsu.

Sannan aka zo kan abin da yake tsoro. A rana mai iska mil 4 zuwa 5, fili babu kowa, koci ya sa ya sauka da iska a gefe sau biyu, sannan da iska a baya. A ta farko ta bayan ya ja birki da wuri saboda ƙasa na gudu a idonsa, ya faɗi ya mirgina kamar yadda aka koya masa a rairayi, ya tashi babu ko ƙwarzane. A ta biyu ya ja a kan lokaci, ya zame a kan ciyawa 'yan taku ya tsaya. A littafinsa ya rubuta cewa gudun ya fi na kullum, amma laima ta amsa birki daidai kamar yadda take amsawa ko yaushe.

Satumba 2023 zuwa ƙarshen 2024: abin da ya biyo baya

Ya karɓi lasisin B a 2023, aka kuma mayar da shi babban fili tare da kowa. Yanayin da ya kai shi ga matsala ya sake samunsa sau biyu. A dira ta 84 ya buɗe nesa, a ƙafa 2,000 ya ga ba zai isa da tsayin yin tsari ba, ya zaɓi wata gona, ya yi gaɓoɓinsa uku a kanta, ya taka ya naɗe laima ya jira mota. A dira ta 97 iska ta juya bayan na farko ya sauka, ya bi alkiblar da aka tsayar da iska kaɗan a bayansa, ya zame a zaune, wandonsa ya yi koren ciyawa. Zuwa ƙarshen 2024 yana da dira 126, ya koma mai 210, kuma babu wani rahoton kusantar karo ko juyi a ƙasa a kansa. Idon sawun yana yi masa tsami idan sanyin hunturu ya shigo, kuma ba ya lanƙwasuwa kamar ɗan'uwansa.

Me ya yi aiki, me ya kasa

A ganina matakai ukun farko sun kasa ne domin duka sun ɗauka matsalar rashin sani ce ko taurin kai, alhali mutumin ya san dokar kuma mai ladabi ne. Faɗan ya sa shi kunya amma bai taɓa abin da ya yi imani da shi ba. Na'urar ta gaya masa tsayi, shi kuwa wurin da ya kamata ya kasance ne bai tsara ba. Mataki na uku shi ne nake ganin ya fi yin illa duk da kyakkyawar niyyar masu shi, domin ya kare sauran jama'a daga gare shi amma ya ba shi sau goma na juyi a ƙasa da suka ƙare lafiya, kowanne yana ƙara masa yarda da ɗabi'ar. Da an haɗa keɓewar da koci mai kallo da bidiyo, da wataƙila labarin ya tsaya a nan. Saurin sauya laima zuwa 190 ga mutumin da ke hutun rabin shekara ya rage masa ratar kuskure, kuma baƙon fili ya ƙara masa ruɗu, amma ba su ne suka ja linzamin ba.

Abin da ya yi aiki ya fara ne daga tambayar kawunsa, wadda ta fito da ainihin abin da yake gudu. Takun Kawukudi ya sa ƙafa da ido suka saba da bin tsari ko da ƙyalle ya juya, sai dai shi kaɗai ba zai isa ba, domin ba a koyon lokacin jan birki ko ganin gudun ƙasa a kan filin ƙwallo, kuma tsohon da kansa ya faɗi haka. Kwas ɗin ne ya cike giɓin ta hanyoyi biyu: ya ba shi lamba da ya auna da hannunsa, ƙafa 170 zuwa 190, wadda zai iya ajiyewa kusa da 150 ɗin da ya fara juyi a kai, sannan ya sa ya ɗanɗana saukar da yake tsoro a ranar da iska ba ta da ƙarfi kuma akwai mai lura. Zanen da yake yi kafin hawa jirgi da shawarar ƙafa 2,000 sun ɗauke yanke hukunci daga daƙiƙun ƙarshe sun kai shi inda akwai lokacin tunani.

Alkaluman USPA sun nuna mutum 10 ne suka rasu a Amurka a 2023 cikin dira kusan miliyan 3.65, kuma an daɗe da sanin cewa kaso mai yawa na mace-mace da munanan raunuka a wannan wasa suna faruwa ne a ƙarƙashin laimar da ta buɗe lafiya ƙalau, ta hanyar karo ko juyi kusa da ƙasa. Wannan mutum ya taɓa duka biyun cikin wata huɗu.

Abin da ba a warware ba shi ne dogon hutun da zama a Accra ke jawo masa. Mai lasisin B sai ya wuce kwana 90 ake neman ya yi dirar tuni, shi kuwa yakan ninka haka duk shekara. Yanzu ya ɗora wa kansa cewa duk komawa zai fara da dira uku daga ƙafa 5,000 shi kaɗai, da babbar laima ta haya, kafin ya shiga jirgi mai cike da mutane, kuma makonni biyu kafin tafiya yakan koma Kawukudi da takardunsa. Mahaifiyarsa har yanzu ba ta amince ba, kuma ba ya gaya mata ranar da zai hau.